Waya ta ce ta tura, saba ta ce ba ta gani ba: wa ke riƙe da shaidar mutumin Doguwa?

Da yammacin Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, aikin da ya rage wa jami'in rumfar zaɓe a Kofa ta Bebeji, ko a Riruwai can ƙarshen Doguwa, iri ɗaya ne da na takwaransa na Legas ko Fatakwal. Bayan an gama ƙirga ƙuri'a zai ɗauki hoton takardar sakamako, wato fom EC8A, da na'urar BVAS, ya tura shi shafin IReV na hukumar zaɓe domin kowa ya gani a wayarsa. Inda akwai sabis, na sanata ya tafi, na ɗan majalisar wakilai ma ya tafi. Na shugaban ƙasa ya ƙi.

Sai da aka shekara, a Fabrairun 2024, INEC ta fitar da cikakken rahotonta, ta yi bayanin abin da ta ce ya faru a cikin injin. An tsara manhajar ne da zaɓuka 470: na shugaban ƙasa ɗaya, na sanatoci 109, na majalisar wakilai 360. Kowace mazaɓar majalisa an rataya ta ƙarƙashin jiharta, don haka idan hoton sakamakon Kiru da Bebeji ya iso, manhajar ta san za ta buɗe masa aljihu a ƙarƙashin Kano. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba shi da jiha, ƙasar gaba ɗaya ce mazaɓarsa. Da hotonsa ya iso sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi, ta mayar da amsar kuskure. Hoton farko bai shiga ba sai ƙarfe 8:55 na dare.

Mutane da yawa ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma haƙƙinsu ne. Amma akwai wurare biyu a rahoton da ya kamata duk matashin da ke koyon rubuta manhaja ya tsaya a kansu. Na farko, hukumar ta ce ƙorafin gazawar ne ya fara iso mata, sannan ta shiga tuntuɓar jami'anta da ke fili domin gano tushen matsalar da girmanta. Wato bakin mutane aka bi. Na biyu, ko bayan an gyara saba, hotunan da suka maƙale suna jere cikin na'urorin suna jiran a kunna su a haɗa su da intanet, alhali wasu jami'an sun riga sun bar rumfa, na'urar a kashe, ko tana inda babu sabis. Rabin labarin yana cikin saba, ɗaya rabin yana cikin jakar ɗan bautar ƙasa a bayan babur.

Masu rubuta manhaja suna kiran irin wannan labari da log. Ba wani abin mamaki ba ne, littafin mai shago ne, irin wanda ake rubuta ciniki da bashi a ciki, sai dai a nan manhaja ce ke rubuta wa kanta layi bayan layi. Ƙarfe kaza da daƙiƙa kaza buƙata ta shigo, an amsa da 200, wato lafiya lau. Ko 404, abin da ake nema babu shi. Ko 500, wato sabar ce da kanta ta yi tuntuɓe. Kowane layi kuma da matsayinsa: wani labari ne kawai, wani gargaɗi, wani kuskure ne da ya kamata ya tashi injiniya daga barci.

Matsalar ita ce manhajar intanet ba a wuri ɗaya take aiki ba. Wani sashe nata yana kan saba, babbar kwamfutar da ke ajiye a Legas ko Turai ko Amurka. Ɗaya sashen, wanda aka rubuta da JavaScript, yana sauka ne cikin burauzar wayar mai amfani, Chrome ko Opera ko Firefox, a kan Tecno ko itel ko Infinix. BVAS manhajar Android ce a na'ura ta musamman, ba burauza ba, amma rabon aikin duk ɗaya ne: gefe yana hannun mutum, gefe yana can nesa. Gefen saba kusan kowa na ajiye log ɗinsa, domin kayan aikin sukan yi hakan ko ba a umarce su ba. Gefen burauza ne maraya. Mai rubuta manhaja yakan sa console.log lokacin da yake gwaji a kwamfutarsa, yana kallon saƙonnin suna fitowa a gefen allo. Da manhajar ta shiga hannun jama'a, saƙonnin nan suna ci gaba da fitowa, amma a wani lungu da ba wanda ke gani, kuma da an rufe shafin sun ɓace. Chrome na Android ba ya ma nuna wannan lungu kai tsaye, sai an haɗa wayar da kwamfuta ta USB. Wane ɗalibi ne a Burji zai yi wannan a daren ƙarshe na rufe rajista?

Saba ba ta rubuta sai abin da ya iso gare ta. Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya nufi Doguwa, ya san yadda sandunan sabis ke hawa da sauka a saman waya. Buƙatar da ta mutu a hanya ba za ta bar ko sawu a littafin saba ba. Sai injiniya ya buɗe log ɗinsa ya gan shi fes, ya ce wa mai ƙorafi babu matsala daga ɓangarensu. Bai yi ƙarya ba. Amsar dai ba ta amfani kowa ba.

Ga wanda ke riƙe da waya, abubuwa uku mabambanta suna da kama ɗaya, wato da'irar nan da ke ta juyawa har ta tsaya. Ko dai buƙatar ba ta bar wayar ba tun farko. Ko ta isa, saba ta yi aikinta, an cire kuɗi ko an karɓi fom, amma amsar ta ɓace a hanyar dawowa. Ko kuma amsar ta dawo lafiya, sai rubutun da ke cikin burauzar ya karye saboda wayar tsohuwa ce, ko ma'ajiyarta ta cika, ko burauzar ba ta san wani sabon umarni ba. Na farkon magani ɗaya gare shi, a sake gwadawa. Na biyun kuwa sake gwadawa shi ne haɗarin, a nan ne ake biyan kuɗi sau biyu. Na ukun laifin mai manhaja ne tsantsa, kuma shi ne wanda ba zai taɓa sani ba, domin a littafinsa 200 aka rubuta. Da log ɗin saba kaɗai ba a iya raba na biyu da na uku, na farko kuma ba a ma san an yi shi ba.

Akwai kuma Opera Mini, wadda har yanzu ba ta rasa masoya a inda data ke da tsada. A yanayinta na matse data sosai, shafin yana bi ta sabobin Opera ne, a can ake sarrafa shi a turo wa waya sakamako. Manhajar da aka gwada a Chrome kaɗai kan wayar injiniya a Abuja na iya yin wani hali dabam a nan, kuma sai log ɗin da ya rubuta irin burauzar ne zai fallasa hakan.

Me ya sa kudancin Kano musamman? Domin yankin ya san tsadar rashin shaida. Zaɓen 2019 na mazaɓar Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa duk kotun ɗaukaka ƙara ta soke su, aka sake zaɓe a Janairun 2020, inda Abdulmumin Jibrin Kofa ya rasa kujerarsa, Alhassan Ado Doguwa kuma ya koma tasa. A 2023 INEC ta cire sunan Doguwa daga jerin waɗanda suka ci, tana cewa an bayyana sakamakon ne bisa tilas, sai bayan zaɓen cike gurbi na 15 ga Afrilu aka tabbatar masa. Adalci shi ne a faɗa cewa rikicin Tudun Wada na wancan lokaci, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, ba daga manhaja ya taso ba, kuma babu log ɗin da zai hana mai fetur da ashana. Amma a wurin da aka saba zuwa kotu kan takardar sakamako, tambayoyi irin su ƙarfe nawa aka ɗauki hoton, da wace na'ura, sau nawa aka yi yunƙurin turawa, me saba ta amsa, ba tambayoyin 'yan kwamfuta ba ne kawai. Su ne bambancin hujja da jita-jita.

An ga hakan a kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa. Ɓangaren Peter Obi ya gabatar da wata shaida da ta ce ma'aikaciyar Amazon Web Services ce, kamfanin da INEC ke amfani da sabobinsa, ta kawo rahotannin da ke nuna cewa sabobin kamfanin ba su samu tangarɗa ba a ranar. INEC kuma ta tsaya a kan cewa an samu tangarɗa. Wanda ya fahimci log zai lura cewa maganganun biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda. Kasuwa na iya kasancewa a buɗe, da wuta da masu gadi, amma makullin shago ɗaya a cikinta ya ƙi buɗewa. Rahoton lafiyar kasuwa ba ya cewa komai game da wannan shagon. A ƙarshe Kotun Ƙoli, ranar 26 ga Oktoban 2023, ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma rashin ɗora hotuna a kansa bai isa ya soke zaɓe ba. Shari'a ta ƙare, amma tambayar fasaha ba a amsa ta a gaban jama'a ta yadda mai shakka zai duba da kansa ba.

Abin takaicin shi ne maganin ba baƙo ba ne, yana aljihun kowa. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi daga banki zuwa wani banki ya ga dogon layin lambobi 30 da ake kira Session ID a kan rasit. Masu POS a Kwanar Dangora sun san RRN. Amfanin lambar shi ne bankin da ya tura, da NIBSS da ke tsakiya, da bankin da ya karɓa, kowa ya buɗe littafinsa ya nemi lamba ɗaya. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da taransifa ke maƙalewa ba dare ba rana, wanda ke da wannan lamba yana da abin nunawa, wanda ba shi da ita sai rantsuwa. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020, wadda ta ba bankuna sa'o'i 72 su warware cinikin POS ko na intanet da ya gaza, da wuya ta yi aiki in ba da irin wannan lamba ba.

Wannan shi ne abin da ya kamata ya zama wajibi ga kowace manhajar intanet da jama'a ba su da zaɓi sai sun bi ta cikinta: rajistar jarrabawa, neman bashin karatu, gyaran bayanan katin ɗan ƙasa, neman aiki, biyan kuɗin makaranta. Da mutum ya danna maɓallin turawa, burauza ta ƙirƙiri lamba ta musamman, ta rubuta a gefenta cewa an danna, ta liƙa lambar a jikin buƙatar. Saba ta sa lambar nan a kowane layi da za ta rubuta. Ba sabuwar dabara ba ce: ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idar Trace Context tun 2020, kuma kayan aiki irin su OpenTelemetry da Sentry suna yin yawancin aikin. Burauza tana da hanyoyin kama kuskuren da ba a zata ba, irin window.onerror, tana kuma da sendBeacon na aika ɗan gajeren saƙo ko da ana rufe shafi. Mafi muhimmanci ga mutumin Doguwa shi ne kada a dogara da cewa sabis na nan a lokacin. A ajiye layukan cikin ma'ajiyar burauza, IndexedDB, a tura su idan sabis ya dawo. Manhajar da ba ta iya ba da labarin rashin intanet sai da intanet ba ta yi komai ba.

Sai agogo. Agogon waya na iya yin gaba ko baya, musamman wayar da batirinta ya mutu ta kwana a wurin mai caji. Saba kuma galibi tana rubuta lokacin UTC, wanda agogon Najeriya ya riga shi da awa ɗaya. Don haka a rubuta lokuta biyu, wanda waya ta ce da wanda saba ta karɓa, kada a haɗa su a zaci ɗaya ne.

Sannan a nuna wa mutum lambar. Nan ne masu manhaja suka fi rowa. Saƙon “an samu matsala, a sake gwadawa” cin fuska ne ga wanda ya hau mota daga ƙauye ya biya mai kafe kuɗi. Gajeriyar lamba a ƙarƙashin saƙon, wadda zai ɗauki hotonta ko ya kwafe a takarda, ita ce ke mayar da shi mai ƙorafin da za a iya bin sawun maganarsa.

Akwai masu ja, kuma ba duka hujjarsu ce ta banza ba. Masu cewa zai cinye data su ne mafi rauni, ko da bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Layin log da aka tsara da kyau bai kai kilobait ɗaya ba, hoton talla ɗaya a saman shafin ya ninka shi sau da yawa. A tura kurakurai da matakai masu muhimmanci, a bar surutu.

Hujjar sirri ita ce mai nauyi. Log wuri ne da asiri ke zuba ba a lura ba. A Mayun 2018 Twitter ta nemi masu amfani da ita su sauya kalmar sirri saboda wani kuskure ya riƙa rubuta kalmomin a fili cikin log na cikin gida. A Maris ɗin 2019 Facebook ta amsa cewa ta ajiye kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane a fili, lamarin da ya jawo wa Meta tarar yuro miliyan 91 a Ireland a 2024. A Disambar 2021 kuma raunin Log4Shell ya nuna cewa manhajar rubuta log ɗin kanta, Log4j, na iya zama ƙofar da ɓarawo zai shigo. Idan manyan nan sun zame, ɗan kwangilar da ya haɗa shafin ɗaukar ma'aikata cikin mako biyu ya fi kusa da zamewa. Log ɗin burauza kuma ya fi haɗari, domin yana zaune kusa da abin da mutum ke bugawa: NIN, BVN, lambar kati. Ƙa'idar ba ta da wuya. A rubuta cewa an cike gurbin NIN kuma bai kai lamba 11 ba, kada a rubuta lambar. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta riga ta haramta tara abin da ya wuce buƙata da riƙe shi fiye da kima, kuma log bai fita daga cikinta ba.

Hujja ta uku ita ce duk abin da ya fito daga wayar mutum ana iya ƙirƙirarsa. Haka ne. Mai wayo zai iya aiko da layin ƙarya ya ce ya tura fom tun jiya. Shi ya sa log ɗin burauza ba alƙali ba ne, shaida ne, kuma shaida ana gwada maganarsa da ta wasu. Amma a juya tambayar: littafin saba fa, wa ke riƙe da shi? Mai manhaja, wanda shi ne ake ƙara. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta nuna giɓin kuɗi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu sun talauce. Bayanan kurakuran manhajar suna nan a ajiye a ɓangaren masu ita, waɗanda ake tuhuma ne ba su da ikon gani, har sai da babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar na da lahani. Duk mai POS da aka taɓa cewa lissafinsa bai cika ba zai gane wannan labari ba sai an fassara masa ba.

A gida ma an ga makamancinsa. Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kuskuren fasaha ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, saboda wani gyara da aka yi wa manhajar bai isa wasu sabobin ba. Ya cancanci yabo da ya amsa, kuma an sake musu jarrabawa. Amma an buɗe bayanan ne bayan ƙorafi ya cika kafafen sada zumunta. Kano ba ta cikin jerin. Da a ce cibiya ɗaya tak abin ya shafa a kudancin Kano, ɗalibai ɗari biyu ko uku da iyayensu manoma ne, babu tabbacin muryarsu za ta kai inda za a buɗe littafin. Da an ce ba su yi karatu ba.

Kafin masu manhaja su gyara hali, abin da ke hannun mai waya kaɗan ne, amma ba a raina shi. Hoton allo da ke nuna agogo da adireshin shafin, sunan burauza, layin da ake amfani da shi, da duk wata lamba da ta fito. Kada a sake danna biya kafin a duba asusu. Kuma kada a watsa hoton a guruf ɗin WhatsApp da NIN ko lambar kati a jikinsa.

Ga INEC kuwa, kafin zaɓen 2027, buƙatar ba ta kai sayen sabbin na'urori tsada ba. Kowane yunƙurin ɗora sakamako ya samu lambarsa, na'ura ta rubuta lokacin da amsar da ta samu ko da babu sabis, a nuna lambar a kan allo, a kuma wallafa ta a IReV kusa da hoton idan ya iso. Wakilin jam'iyya a rumfar da ke bayan Falgore zai iya kwafe ta a bayan kwafin EC8A ɗinsa kafin a kashe na'urar a sa a jaka.